AMSOSHIN TAMBAYOYINKU: Baturen Makaɗin Da Ya Ratso Hamada Ya Zo Nijeriya

 A wannan fili muke buga amsoshin da aka karanta muku ta rediyo, domin wanda shirin ya wuce shi ya samu ya karanta, wanda ya ji kuma ya samu abin ajiyewa. A wannan mako mun haɗa wasiƙu biyu wuri ɗaya, saboda amsar ɗaya tana cikin ɗaya, kuma dukansu daga gabashin Jihar Kano suka fito.

TAMBAYA TA FARKO ta zo ne daga hannun wani malamin makaranta a garin Gaya. Malamin cewa ya yi, wai shin da gaske ne an taɓa yin wani Bature makaɗin ganga da ya baro daular da yake ciki a Ingila, ya ratso hamadar Sahara da mota ya zo Nijeriya saboda kiɗa? In haka ne, wane ne shi, yaya kuma ƙarshensa ya kasance?

TAMBAYA TA BIYU kuwa wani saurayi ne ya aiko ta daga Ajingi. Shi so yake a yi masa bayanin kaɗe-kaɗen nan na Turawa da ake kira rok mai zafi da kuma pank, sannan a gaya masa dalilin da ya sa ake cewa masu buga musu ganga ba su cika kai wa tsufa ba.

AMSA: To madalla da waɗannan tambayoyi. Malam na Gaya, labarin da ka ji gaskiya ne. Sunan mutumin Ginger Baker, an haife shi a 1939, ya mutu a 2019. Amma ka yi mana haƙuri mu fara da rabin tambayar ɗan'uwanka na Ajingi, don sai an san irin kiɗan kafin a gane makaɗin.

IRIN KIƊAN DA IRIN GANGAR

Malam, kai da kake garin maƙera ba sai an gaya maka cewa a ƙasar Hausa kowace sana'a da kiɗanta ba. Tarihin baka ya nuna cewa Abagayawa, watau maƙeran da suka fara zama a gindin Dala suna neman tama, daga Gaya suka taso, kuma har gobe in aka ce dundufa an san kiɗan maƙera ake nufi. Mahauta da 'yan dambe suna da kalangu, manoma suna da gangar noma ranar gayya, sarki yana da tambari. To su Turawan wannan zamani kiɗansu da tsara yake tafiya. Kowane rukunin samari in ya taso sai ya ƙago nasa, ya ce na iyayensa ya tsufa.

Kiɗan rok a Amurka ya tsiro cikin shekarun 1950, kuma tushensa kaɗe-kaɗen baƙaƙen fatar ƙasar ne, jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka. Samarin Ingila suka ɗauka. Wajen ƙarshen shekarun 1960 suka ƙara masa ƙarfi, suka jona jita da manyan lasifikoki, aka riƙa dukan ganga kamar za a fasa ta. Wannan shi ne rok mai zafi, kuma ƙungiyoyin da suka yi suna da shi sun haɗa da Led Zeppelin da Deep Purple. In kana son misali na gida, ka kwatanta kiɗan tauri da kiɗan 'yan mata a dandali. Duka kiɗa ne, amma ɗaya tsuma mutum yake yi.

Shi kuwa pank, a tsakiyar shekarun 1970 ya ɓullo. An kafa ƙungiyar Ramones a birnin New York a 1974, aka kafa Sex Pistols a Landan a 1975. A lokacin marasa aikin yi a Ingila sun haura miliyan ɗaya, samari suna cike da haushi, ga shi manyan makaɗan rok sun zama attajirai, sai su yi minti ashirin suna nuna gwaninta a kan waƙa ɗaya. Sai waɗannan yara suka ce ba su yarda ba. Suka riƙa yin waƙa ta minti biyu, da sauri, da ihu, da zagin hukuma, ko mutum bai iya kiɗa sosai ba ya hau dandamali. Ita kanta kalmar pank a harshensu tana nufin ɗan iskan gari, kuma suka karɓi sunan da hannu biyu.

To yanzu gangar. Ka san in makaɗan kalangu suka jeru, wani yana jan kiɗa, wani yana karɓa, wani yana riƙe da ƙaramar ganga yana tsare musu lokaci. Aikin da mutum uku ko huɗu suke yi a wurinmu, su mutum ɗaya suke ɗora wa. Yana zaune a kan 'yar kujera, ƙafarsa ta dama tana taka wani ƙarfe mai buga babbar ganga da ke kwance a ƙasa, ta hagu tana buɗewa da rufe wasu faranti biyu na tagulla. Hannuwansa biyu riƙe da sanduna suna yawo tsakanin ƙananan ganguna da sauran farantai. Gaɓoɓi huɗu, kowace da abin da take faɗi, kuma dole su haɗu a wuri ɗaya.

Aiki ne na ƙarfi ƙwarai. A 2008 masana daga jami'o'in Chichester da Gloucestershire na Ingila sun bayyana sakamakon awon da suka yi wa Clem Burke, makaɗin ƙungiyar Blondie, wadda ita ma cikin 'yan pank na New York ta taso. Sun tarar in yana kiɗa zuciyarsa tana bugawa sau 140 zuwa 150 a minti ɗaya, wani lokaci har ta kai 190, daidai da ta ɗan wasan ƙwallon ƙafa a fili. Ka riƙe wannan, ɗan'uwa na Ajingi, za mu dawo kansa.

TASOWAR GINGER BAKER

Sunansa na yanka Peter Edward Baker. An haife shi ran 19 ga watan Agusta 1939 a unguwar Lewisham, kudancin Landan, gidan talakawa, mahaifinsa magini ne. Ginger laƙabi ne. Mutanen Ingila kan kira mai jan gashi da sunan citta a harshensu, shi kuwa gashinsa ja wur yake. Yana da shekara 4 aka kashe mahaifinsa a Yaƙin Duniya na Biyu, a 1943. Baker ya sha ba da labarin cewa uban ya bar masa wasiƙa wadda aka ce kada ya buɗe sai ya kai shekara 14, a ciki kuma ya hore shi da ya dogara da ƙarfin damtsensa. Duk wanda ya bi rayuwarsa zai ga ya riƙe wannan horo fiye da kima.

Da farko tseren keke ya sa gaba. Yana ɗan shekara 15 zuwa 16 ya koma ganga, ya shiga cikin makaɗan jaz na Landan. A nan ya haɗu da wani gwani mai suna Phil Seamen, wanda ya zama ubangidansa. Abu biyu ya samu a hannun wannan mutum. Na farko, Seamen ya zaunar da shi ya kunna masa fayafayan gangunan Afirka, ya nuna masa yadda ake saƙa kiɗa biyu daban-daban a lokaci ɗaya ba tare da sun ci karo ba. Na biyu, a zamansa da shi ne ya dulmuya cikin hodar ibilis irin wadda ake kira heroyin. Na farkon ya ɗaukaka shi a duniya, na biyun ya bi shi shekara da shekaru yana cin dukiyarsa da lafiyarsa. Shi kansa Seamen yana da shekara 46 ya mutu, a 1972.

A 1962 Baker ya shiga ƙungiyar Alexis Korner, inda ya gaji wurin Charlie Watts, wanda daga baya ya zama makaɗin Rolling Stones. Daga nan ya koma ƙungiyar Graham Bond tare da wani mai jita ɗan Sikotlan, Jack Bruce. Su biyun nan ba sa ga maciji. Sukan yi faɗa a gaban 'yan kallo, har ta kai Baker ya zare wa Bruce wuƙa ya kore shi daga ƙungiyar.

To ka ji ikon Allah. A 1966 Baker ya nemi Eric Clapton, wanda a lokacin ake ganin babu kamarsa wajen kaɗa jita a Ingila, ya ce su kafa ƙungiya. Clapton ya ce ya yarda, amma da sharaɗin a sa Jack Bruce. Haka Baker ya haɗiye, su uku suka kafa Cream. Shekara biyu da 'yan watanni kawai suka yi tare, amma sun sayar da faifai fiye da miliyan 15. Baker ya riƙa amfani da manyan ganguna biyu na ƙasa maimakon ɗaya, kowace ƙafa da tata. Akwai wani kiɗa nasa mai suna Toad, wanda a wani faifansu na 1968 ya kai wajen minti 16, mafi yawansa ganga ce zalla. Kafin shi, makaɗin ganga a rok yana can baya ne yana tsare lokaci. Shi ne ya jawo shi gaba, kuma makaɗan rok mai zafi da suka biyo baya sun sha daga wannan rijiya. Abin dariya, shi kansa ya ƙi jinin a kira shi makaɗin rok. Har ya mutu cewa yake shi ɗan jaz ne.

Faɗansa da Bruce bai ƙare ba, har da shi cikin abin da ya wargaza Cream. Sun yi wasan bankwana ran 26 ga Nuwamba 1968 a zauren Royal Albert Hall na Landan. Akwai kuma maganar kuɗi, wadda ya kamata ka fahimta. A tsarin sana'arsu, duk lokacin da aka sayar da faifai ko aka sa waƙa a rediyo, kaso na musamman yana zuwa ga wanda aka rubuta sunansa a matsayin mai waƙar. Yawancin shahararrun waƙoƙin Cream da sunan Bruce da wani marubuci Pete Brown aka yi musu rajista, saboda haka su suka ci gaba da karɓar wannan kaso, mai ganga kuwa ya tashi da kaɗan. Wannan ya tsaya wa Baker a rai har tsufansa. Mu ma nan abin ba baƙo ba ne. Kowa ya san Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, amma mutum nawa ne za su iya jero maka sunayen masu kalangun da suka yi shekaru a bayansa? In an ba da mota ko doki, sunan mai waƙa ake kira.

ZUWANSA NIJERIYA

Bayan Cream ya yi wata ƙungiya mai suna Blind Faith a 1969, wadda wasanta na farko a filin Hyde Park ya tara mutum wajen 100,000, amma ba ta shekara ba ta watse. Sai hankalinsa ya koma inda kiɗan da Seamen ya jiyar da shi ya fito. Dama ya san Fela Kuti tun farkon shekarun 1960, lokacin da Fela yake karatun kiɗa a kwalejin Trinity ta Landan. Yana kuma girmama wani gwanin ganga na Gana, Guy Warren, wanda aka fi sani da Kofi Ghanaba, har ya sa wa ɗansa da aka haifa a 1969 suna Kofi.

Ya fara zuwa Legas a 1970, shekarar da yaƙin basasa ya ƙare. A 1971 kuma ya yi tafiyar da ka ji labari, Malam. Ya ɗauki mota ƙirar Range Rover, wadda ba ta daɗe da fitowa kasuwa ba, ya biyo ta Aljeriya ya ratsa Sahara har Nijeriya, wani mai shirya fim da ake kira Tony Palmer yana ɗaukar hoton tafiyar. Hanyar da masu mota suke bi ita ce ta Tamanrasset zuwa Agadas, a gangaro Damagaram a shigo ƙasar Kano, watau kusan sawun ayarin raƙuman da kakanninmu suka sani. Daga birnin Aljas zuwa Legas kimanin kilomita 4,500 ne, kamar ka yi Kano zuwa Gaya wajen sau 70, kuma a wancan zamani babban ɓangaren hanyar rairayi ne da duwatsu, babu kwalta.

Shekarun da ya yi a Nijeriya, daga 1970 zuwa wajen 1976, ba zaman yawon buɗe ido ya yi ba. A 1971 ya yi faifai tare da Fela da ƙungiyarsa ta Africa 70. A nan ya zauna kusa da Tony Allen, makaɗin gangar Fela, mutumin da ya gina ƙashin bayan kiɗan Afrobit. Baker, wanda bai cika yabon kowa ba, ya girmama Allen, kuma a 1978 sun yi karon ganga su biyu a bikin jaz na birnin Balin a Jamus. Ya kuma kafa wata ƙungiya mai suna Salt da samarin Nijeriya, har da tagwayen nan mata 'yan gidan Lijadu, suka yi wasa a Munich lokacin wasannin Olamfik na 1972. Biyu daga cikin samarin, Berkley Jones da Laolu Akins, da suka dawo gida suka haɗu da Mike Odumosu suka kafa BLO, ɗaya daga cikin ƙungiyoyin rok na farko da suka yi suna a Nijeriya.

Babban burinsa shi ne ɗakin ɗaukar faifai. Ya zuba dukiyarsa ya gina ɗaya a Ikeja mai suna ARC, aka buɗe a farkon 1973. Na'urarsa tana iya ɗaukar sauti 16 daban-daban, kowane a layinsa, a gyara wanda ake so ba tare da an taɓa sauran ba, kuma shi ne irinsa na farko a Afirka ta Yamma. A wannan shekara Paul McCartney, na tsohuwar ƙungiyar Beatles, ya zo Legas yin faifansa Band on the Run. Yawancin aikin a ɗakin kamfanin EMI na Apapa ya yi shi, waƙa ɗaya aka yi wa aiki a wurin Baker. Lokacin ne ma Fela ya fito ya zargi McCartney da zuwa satar kiɗan baƙar fata, sai da aka kunna masa abin da aka ɗauka ya ji babu nasa a ciki, sannan ƙura ta lafa.

Ɗakin bai yi riba ba. Manyan kamfanonin faifai su ke riƙe da mawaƙa, su ke da injin buga faifai da hanyar rarraba shi kasuwa, Baker kuwa gini da na'ura kawai yake da su, ga rashin iya zama da abokan hulɗa. Haka kuɗin suka narke. Amma ya tafi da wani abu daga Nijeriya wanda bai zo da shi ba, watau son ƙwallon dawaki, folo. A Legas ya koya. Mutanen Arewa kun san wasan, tun da Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ne ya kafa shi a Katsina, ɗansa Sarki Usman Nagogo kuma ya yi suna da shi har ƙasashen waje. Sai dai folo wasan sarakuna da attajirai ne. Doki ɗaya ba ya isa, kuma kowane doki da bakinsa.

FAƊUWA DA TASHI, HAR ZUWA MUTUWA

Daga 1974 zuwa 1976 ya yi rok mai zafi da wata ƙungiya, Baker Gurvitz Army. Daga nan abubuwa suka riƙa lalacewa, ga hoda, ga bashin haraji, ga aure ya mutu. Shi da bakinsa ya ce sau 29 yana barin heroyin yana komawa. A farkon shekarun 1980 ya tattara ya koma wani ƙauye a yankin Tuskani na Italiya, inda bai san mai sayar da ita ba, ya kama noman zaitun. Mutumin da dubban jama'a suke yi wa tafi, ga shi yana sassabe a gefen dutse. A nan ya samu ya yakice ta.

A can ne kuma pank ya zo ya same shi. John Lydon, wanda ya yi jagorancin Sex Pistols, watau shugaban yaran da suka taso suna yi wa irin su Baker dariya, yana shirya sabon faifai da ƙungiyarsa ta biyu, Public Image Ltd. Mai haɗa faifan, Bill Laswell, ya nemo Baker daga Italiya ya kai shi New York, aka ji gangarsa a faifan da ya fito a 1986. In kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya, amma gwani gwani ne ko a wane fage. A 1992 ya sake yin rok mai zafi da wata ƙungiyar Amurka, Masters of Reality.

Ya zauna a jihar Kolorado ta Amurka yana kiwon dawaki, ya samu matsala da hukumomin haraji da na shige da fice, ya koma garin Tulbagh na Afirka ta Kudu a 1999. A watan Mayu 2005 su uku na Cream suka sake haɗuwa, suka yi dare huɗu a Royal Albert Hall, a watan Oktoba kuma suka yi wasa a New York, inda tsohon faɗansa da Bruce ya sake tashi. Baker ya samu miliyoyin daloli a wannan haɗuwa. Cikin 'yan shekaru dawakin folo suka cinye, ya sayar da gonar ya koma Ingila. Wani Ba'amurke, Jay Bulger, ya yi fim a kan rayuwarsa wanda ya fito a 2012, kuma a cikin fim ɗin an ga tsohon ya kai wa mai fim ɗin sanda a hanci har ya fasa shi. Ya yi aure sau huɗu, kuma 'ya'yansa uku sun sha faɗin irin wuyar zama da shi.

Da tsufa ya zo, jiki magayi. Shan taba na shekaru ya lalata masa huhu, ciwon gaɓoɓi ya kama shi, amma dole ya ci gaba da hawa dandamali saboda babu ajiya. Ƙungiyarsa ta ƙarshe ta jaz ce, tare da wani makaɗi ɗan Gana, Abass Dodoo, suka fitar da faifai a 2014. A 2016 aka yi masa aikin zuciya. Ya mutu ran 6 ga Oktoba 2019 a wani asibiti a garin Canterbury, yana da shekara 80. Fela ya riga shi tun ran 2 ga Agusta 1997, Jack Bruce a 2014, Tony Allen kuma ya bi bayansa ran 30 ga Afrilu 2020 a birnin Faris.

ME YA SA BA SU CIKA TSUFA BA?

To ɗan'uwa na Ajingi, ga sauran amsarka. Rai dai a hannun Allah yake, amma komai da sanadinsa. Abin da ka ji yana da tushe. Wata malama a Jami'ar Sidni ta Ostireliya, Dianna Kenny, ta bi bayanan mawaƙa da makaɗan zamani fiye da 12,000 da suka mutu tsakanin 1950 da 2014, ta tarar tsawon ransu yakan gaza na sauran jama'ar Amurka, a wasu shekarun har da shekara 25.

Dubi tsaran Baker. Keith Moon na ƙungiyar The Who ya mutu ran 7 ga Satumba 1978 yana da shekara 32, bayan ya haɗiyi ƙwayoyi masu yawa na maganin da likita ya ba shi don ya bar giya. John Bonham na Led Zeppelin ya mutu ran 25 ga Satumba 1980, shi ma yana da 32. Ya sha kimanin ƙananan kofuna 40 na barasa mai ƙarfi, ya kwanta, amai ya shaƙe shi cikin barci, kuma mutuwarsa ce ta kawo ƙarshen ƙungiyar. A ɓangaren pank, Jerry Nolan na New York Dolls, wanda ya daɗe yana fama da heroyin, ya mutu a watan Janairu 1992 yana da 45. Phil Taylor na Motörhead, ƙungiyar da ta haɗa saurin pank da nauyin rok mai zafi, hanta ce ta kashe shi a Nuwamba 2015 yana da 61.

Ka lura babu wanda ganga ta kashe a cikinsu. Charlie Watts ya kai 80, Tony Allen 79, shi Clem Burke da aka auna zuciyarsa ya kai 70 kafin ciwon daji ya ɗauke shi a 2025. Abin da yake faruwa shi ne, mutum ya yi awa biyu zuciyarsa tana gudu irin na ɗan ƙwallo, ya sauko tsakar dare jini yana tafasa, barci ya ƙi zuwa, gobe kuma akwai wani wasan a wani gari. Sai ya nemi abin da zai kwantar da shi, da safe ya nemi abin da zai tashe shi. Ga kuɗi a hannun yaro, ga 'yan kore da ba mai iya ce masa bari. Ɗan ƙwallo yana da likita da mai horarwa suna tsare shi, su kuwa a wancan zamani ba su da kowa.

Yadda heroyin take kama mutum kuwa, ga shi. Daga ƙullutun wani fure ake samo ta, kuma in ta shiga jiki takan rikiɗe ta koma sinadarin mofin, mai kashe zafin ciwo da kawo kasala mai daɗi. Jiki yakan saba, abin da ya isa jiya ba ya isa yau, sai an ƙara. In aka daina sai ciwon gaɓoɓi da zawo da gumi da rashin barci su taso, shi ya sa mutum yake komawa ko ba ya so. In kuma aka zarce, sai ta danne wurin da yake sarrafa numfashi a ƙwaƙwalwa, mutum ya yi barcin da ba ya tashi. Haɗa ta da giya ko ƙwayar barci yana ninka wannan haɗari.

Kada ka ce wannan matsalar Turawa ce can nesa. Kodin da ke cikin wasu magungunan tari ɗan gidan su heroyin ne, shi ma hanta tana mayar da wani ɓangarensa mofin, kuma taramol ma ta wannan ƙofa yake aiki. A 2017 an faɗa a zauren Majalisar Dattawa cewa ana shan kwalaben kodin wajen miliyan 3 kullum a jihohin Kano da Jigawa, ku kuwa Gaya da Ajingi kuna bakin iyakar jihohin biyu. A farkon watan Mayu 2018 Gwamnatin Tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda aka fitar a farkon 2019, ya nuna mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da miyagun ƙwayoyi a shekarar da aka auna. Dalilin da makaɗin Landan yake bayarwa, wai don ya jure aiki, shi ne dai wanda za ka ji a bakin ɗan acaɓa ko mai kwana a gona ko makaɗin biki. Baker ya samu damar gudu Italiya ya ɓuya, kuma duk da haka sai da ya faɗi sau 29. Wanda yake da ɗa ko ƙane da abin ya kama, asibiti ya kamata a nufa da shi, domin akwai magani da hanyar yaye mutum sannu a hankali. Ɗaurewa da duka ba sa fitar da abin daga jini.

To Malam na Gaya da ɗan'uwanmu na Ajingi, da fatan kun gamsu. Saura ku sauran jama'a, duk mai tambaya a kan tarihi ko kimiyya ko al'adun wasu ƙasashe, ya rubuto mana, ya rubuta sunan garinsu sosai yadda za a iya karantawa, kuma tambaya ɗaya a takarda ɗaya ta fi saurin samun amsa.